Kafin Ka Ɗaure Kayanka Daga Maga

 Ɗana, labari ya iso ni cewa ranka ya fita daga Maga, kana ta auna Garwa da Ngaundere da Duwala, kana tambayar duk direban da ya sauke kaya a tasha wane gari ya fi daɗin zama. Ban ga laifinka ba. Saurayi mai jini a jika dole idonsa ya yi nisa, kuma kakanninka ma ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Fatauci da su ne suka taso da su daga ƙasar Hausa, suka ratso Barno da Adamawa har suka sami wurin da ya karɓe su. Saboda haka ba zan ce maka kada ka tafi ba. So nake ka san yadda ake auna gari kafin a ɗaure kaya, domin na ga da yawa sun auna shi da idon baƙo, suka je suka tarar da abin da ba a gaya musu ba.

Mai ziyara shi yake zaɓen watan da zai zo. Mazauni kuwa duk watanni goma sha biyun nasa ne, mai daɗi da mara daɗi. Ka tuna lokacin da Turawa suke cika wannan yanki, kafin sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairun 2013 ya tsinke ƙafarsu. Daga Disamba zuwa Fabrairu suke zuwa, hanya ta bushe, sauro ya ragu, iskar hunturu na kaɗawa. Su shiga kwalekwale su kalli dorina a tafkin Maga, su wuce Pus su ɗauki hoton ɗakunan Musgum, waɗannan dogaye da aka gina da zallar laka kamar an kifa tulu, da zane-zane a jikinsu da magini ke takawa ya hau, ruwan sama kuma ya bi ta nan ya gangara. Daga nan sai Waza su ga raƙumin dawa da giwa, sai Rumsiki su ga duwatsun Kapsiki. Su koma gida suna cewa babu yanki mai kyau a Kamaru kamar Arewa Mai Nisa. Gaskiya suka faɗa. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ya kwana a kan jinga a watan Agusta yana kallon ruwa na ƙaruwa. To, yadda suke kallon garinku, haka kai ma kake kallon Garwa da Duwala a yau.

Bari mu fara da abin da kake da shi a hannu, tunda abin da mutum ya buɗe ido ya gani shi ya fi saurin rainawa. Wannan tafki da kake wanka a ciki tun kana yaro, hannun mutum ne ya tare shi. Bayan farin shekarun 1970 da ya ƙone Sahel, kamfanin shinkafa na gwamnati, SEMRY, wanda aka kafa a 1971 a Yagwa, ya ja jinga mai tsawon kilomita 27 daga Pus zuwa Girbidik, aka gama a 1979. Ruwan kogin Logon yana shigowa ta gabas, Mayo Tsanaga da Mayo Bula suna gangaro da na duwatsun Mandara, aka tare su duka wuri ɗaya, aka buɗe filayen shinkafa sama da hekta 6,000 a ƙasan jingar. Garin Maga kansa a kan wannan aiki ya girma. Ka tsaya ka yi tunani: a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kai kana da ruwa a bakin gonarka a watan Maris. Kana iya dashe sau biyu a shekara. Je ka duwatsun Mokolo ka ga manomin da ke jera dutse a kan dutse don ya tare 'yar ƙasar da zai shuka dawa, ka ga matan da ke sammako da jarkoki suna haƙar yashin rafi da rani. Ka tambaye su me za su bayar a kan rabin hektar da ruwa ke shiga. Wallahi amsarsu za ta sa ka ga gonar mahaifinka da wani ido.

Ga kuma kifi. Ka san bakin tafki da sassafe, lokacin da jirage ke dawowa, masunta na kwance kalli da hannaye da sanyi ya ƙandare, mata na tsaye da kwanoni suna ciniki da Musgum da Fulatanci da Hausa a lokaci guda. Karfasa da tarwaɗa da bargi a tsibe, in an yi sa'a ga giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Kafin hantsi an fara farke ciki, an jera a kan waya, hayaƙin banda ya turnuƙe. Wannan bandar ita ce ake ci a Marwa da Garwa, har ta tsallaka iyaka. Haka shanshera: 'yan kasuwa na zuwa daga Najeriya su loda ta a buhu, su je su gyara su ci ribar da ya kamata ta tsaya a nan. Duk saurayin da ya iya gumi da casa da awo, ya san farashin Marwa da na bakin iyaka, ba zai rasa abin yi a Maga ba. Wannan giɓi yana ci mini rai, domin na ga yaranmu suna barin dukiya a ƙofar gida suna tafiya tuƙin acaɓa a garin wasu.

Ba zan ɓoye maka kuɗin da Maga ke karɓa a wurin mazauninta ba, kai ma ka san wasu. Ruwan da ke ciyar da ku shi ne ke hana ku barci. A 2012 kana ƙarami, amma manya ba su manta ba: marka ta yi yawa, Logon ya cika ya batse, tafki ya kai wuya, mutane suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna toshe inda jingar ta fara yoyo, mata da yara aka kwashe su zuwa tudu. Har shugaban ƙasa Paul Biya ya zo Girbidik a watan Satumba na shekarar. Bayan nan Bankin Duniya ya ba da kuɗi aka gyara jingar tafkin da ta bakin Logon. Duk da haka a 2024 ruwa ya sake mamaye yankinku na Mayo Danay, gidaje suka rurrushe, gadar Yagwa ta karye. Sai sauro da zazzaɓinsa, sai tsargiya ga yaran da ke wuni cikin magudanar ruwa, sai amai da gudawa idan ambaliya ta haɗa rijiya da masai. Hanya da damina sai wanda ya gani. In ciwo ya yi tsanani, sai an nemi Yagwa ko Marwa, kuma Marwa kusan kilomita 80 ce. Dorina tana fitowa da dare ta yi wa gona ɓarna, jan-baki na sauka kan shinkafa idan ta yi nono. Filin kuma rabo ne, kuɗin ruwa da na huɗa suna kan wuyanka kowace kaka, in ka yi sake da biya sai a ba wani. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wahala ce da ka san lokacin zuwanta, ka san maganinta, ka san maƙwabcin da za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa. Kada ka raina darajar wannan sani.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da maƙwabta, ko ka zauna ko ka tashi. Da aka tare ruwa a Maga, babbar fadamar da ke arewa da ku, wadda ambaliyar Logon ke shayarwa kowace shekara har zuwa Waza, ta rasa kaso mai yawa na ruwanta. Ciyawa ta ragu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka takura, sai a 1994 aka sake buɗe wata mashiga don a mayar mata da wani abu. Arzikin wani gari yakan zama ƙishirwar wani. Ka ga abin da ya faru a 2021 a ƙasar Logon Birni, inda rigima kan ruwa tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa ta kai har Kusiri, dubun-dubatar mutane suka tsallaka Cadi. Bahaushe a wannan ƙasa ɗan tsakiya ne, yana saye a wurin wannan yana sayar wa wancan. Jarinsa na farko shi ne kowa ya yarda da shi. Ka ji yaren mutanen da kake zaune a cikinsu, ka je musu gaisuwar mutuwa, ka tsare harshenka idan an fara zancen ƙabila.

Marwa ita ce birninku, ba ta buƙatar dogon bayani. Inuwar dalbejiya a kan tituna, dukawa da majema da aikin fatarsu, albasa, masakwa a karkara da rani, babbar kasuwa ran Litinin, kasuwar shanu ta Bogo ran Alhamis a kan hanyarka ta gida. In karatu kake so ka ci gaba, jami'ar da aka kafa a 2008 tana nan, kuma za ka iya dawowa girbi. A ganina, ga ɗan Maga babu wurin da ya fi Marwa sauƙin gwaji, domin in abu bai yi ba kuɗin mota kaɗan ne ya dawo da kai. Garuruwan bakin iyaka kuwa, irin su Kolofata da Amcide da Fotokol, kada ribar man fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa ta ja ka can. Tun 2014 Boko Haram ke addabarsu, sansanin Minawawo kusa da Mokolo cike yake da 'yan gudun hijira daga Najeriya tun 2013. Mahaifiyarka ba za ta iya ɗaukar wannan zullumi ba.

Yanzu Garwa, wadda na san ita ce ta fi zama maka a rai. Gari ne mai kwarjini, ba na musu. Tsohon garin Fulani ne a bakin Binuwai, daga cikin ƙasar da Modibbo Adama ya riƙe wa tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko daga 1960 zuwa 1982, kuma an ga alamar hakan a faɗin tituna da filin jirgin sama. Hedikwatar kamfanin auduga SODECOTON tana can, ƙungiyar ƙwallon Coton Sport tana can, an ba ta jami'a a 2022. A da jiragen ruwa na hawo Binuwai daga Najeriya da damina su sauke kaya a tasharta. Hausawa sun daɗe a garin, suna da unguwanninsu da masallatansu da mahautansu, ba za ka yi baƙunta sosai ba, kuma Fulatancin da kake yi a kasuwar Maga shi ne na can. Abokanka da suka je kallon gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, sun dawo suna yabon garin kamar su ari baki. Ka lura dai, a watan Janairun 2022 suka je, an share gari, an kunna fitilu, sanyin hunturu bai tafi ba.

Je ka Garwa a watan Afrilu. Gari ne da ke cikin kwari, zafi na wuce digiri 40 kwana da kwanaki, iska ta tsaya cik. Ɗakin hayar da ƙarfin sabon zuwa zai kai, rufin kwano ne mara silin, bango na fitar da zafi har asuba. Za ka ga magidanta sun fito da tabarmi ƙofar gida, suna jiƙa zane su lulluɓa, jarirai na kuka da ƙuraje a wuya. Yawancin wutar lantarkin Arewa daga madatsar Lagdo take fitowa, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, kuma idan ruwanta ya ja baya da bazara, a daidai lokacin da aka fi buƙatar fanka ake ɗauke wuta. Ruwan sha saye, itace saye, kifin da kake ba almajiri sadaka a Maga can sai ka ƙirga kuɗi. Mai albashi ko mai shago yana jure wannan ya ci gaba. Wanda ya zo da ƙarfinsa kawai, abin da ya samu da rana haya da abinci sun cinye kafin dare. Garwa tana yi wa mai sana'a a hannu alheri: makanike, mai walda, tela, mahauci, mai ilimin lissafin kasuwa. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, wacce ka iya a cikinsu har wani zai biya ka.

In noma ne ko su ya kai ka jihar Arewa da Garwa ke ciki, to ka dubi karkararta. Ruwan sama ya fi na nan, yana kai milimita 1,000 a shekara, masara da gyaɗa da auduga suna yi. Tun shekarun 1970 mutanen Arewa Mai Nisa ke ƙaura zuwa kwarin Binuwai neman ƙasa, kuma masunta da yawa daga bakin Logon sun koma tafkin Lagdo, za ka tarar da waɗanda suka san gidanku. Amma ƙasar tana hannun lamido da jaurojinsa, baƙo aro ake ba shi, yana fitar da zakka, kuma gonar da ya sha wahala ya sare ana iya karɓewa. Can wajen Tuboro da dazukan Adamawa masu garkuwa da mutane sun tagayyara makiyaya da manoma masu ɗan abin hannu. Kafin ka sa gatari a daji, ka san wa ya ba ka, gaban wa, kuma har yaushe.

Ngaundere kuwa, da ka haura tsaunin nan mai kwana-kwana a kan hanyar Garwa za ka ji iska ta canza. Tudu ce mai tsayin fiye da mita 1,000, damina na kai wata bakwai, ga shanun gudali da nono da zuma da doya. Nan jirgin ƙasa ya tsaya tun 1974, saboda haka duk kayan da ke tsakanin Duwala da Arewa da Cadi sai sun sauka a tasharta, akwai aikin dako da dillanci da tuƙi. Don hutawa, ban san garin da ya kai ta a Arewa ba. Don zama, sai wanda ke da jarin shanu ko ƙafa a harkar sufuri, kuma jikin da ya saba da zafin Logon sai ya yi fama da mura da sanyin ƙashi kafin ya saba.

Kudu wata duniya ce. Ka hau jirgi da yamma a Ngaundere, gari ya waye maka a Yawunde cikin kurmi da jar ƙasa. Akwai 'yan'uwa a Birkitiri a Yawunde da Niyu Bel a Duwala, zuriyar fataken goro da mahauta, tsire da kilishinsu ya yi suna. Za su ba ka tabarma da tuwo na kwana uku, bayan nan kowa ta kansa yake, domin su ma a matse suke. Duwala nan ne kuɗin ƙasar suke, tashar jiragen ruwa da masana'antu, amma ruwan da ke zuba mata a shekara ya ninka namu sau huɗu ko fiye, unguwannin talakawa cikin taɓo suke, kuma wanda Faransancinsa bai nuna ba kullum a ƙasa yake wajen ciniki da wajen hukuma. Ka je ka gani sau ɗaya a rayuwarka, ka ga teku, ka ga Dutsen Kamaru mai tsayin fiye da mita 4,000, ka ga fadar Sarkin Bamun a Fumban. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Jihohin nan biyu masu Turanci, wajen Bamenda da Buya, ka dakata da su tukuna, rikicin da ya tashi a 2016 bai kwanta ba.

Akwai tambayar da matasa ba sa yi sai ta zo musu. In ka kwanta ciwo a garin, wa zai kai ka asibiti ya tsaya a kanka? In aka kama ka bisa kuskure, wa zai je ya ce ya san ka, ya san ubanka? In matarka ta haihu, wa zai zauna da ita wankan jego? Na ga magidanta a birni da kuɗi a aljihu suna neman wanda zai riƙe musu yaro na awa ɗaya sun rasa. Wannan ba ya fitowa a hoton da abokai ke turo maka ta WhatsApp, kuma shi ne rabin zaman gari.

Ga abin da na gani ya dace da kai, ɗana, tunda ka iya dashe, ka iya banda, kana jin Musgum da Fulatanci, kana karatu da rubutu da Faransanci. Ka bar gindinka a Maga, ka miƙa hannunka Marwa da Garwa. Ka fara da kai kayan garinku can, ko buhu biyar na gyararriyar shinkafa ko kwali biyu na banda, ka sauka a wurin mai masauki amintacce, ka koyi yadda ake awo da yadda ake bashi da wanda ake gudu. A watannin damina da hukuma ke rufe tafki don kifi ya hayayyafa, kana da gona. In bayan shekara biyu ko uku kasuwar Garwa ta buɗe maka har ta fi ƙarfin zuwa da dawowa, sai ka tare da iyalinka da mutunci, a matsayin wanda aka sani, mai abin sayarwa. In kuwa dole sai ka zaɓi gari ɗaya yau ka koma, to Garwa ta fi maka Duwala nesa ba kusa ba: yare ɗaya, abinci ɗaya, addini ɗaya, kuma wuni guda ya kawo ka gida idan an aiko.

Abu biyu nake roƙonka. Kada ka saki filin mahaifinka, ka biya kuɗin ruwan bana, ka damƙa shi a hannun ƙanenka da shaidu. Sannan kada ka yanke shawara da hunturu. Ka bari sai Afrilu, ka je Garwa ka yi wata guda a irin ɗakin da kuɗinka zai iya kamawa, ka ci abin da aljihunka zai iya saye, ka yi istihara, ka nemi albarkar mahaifiyarka. In ka dawo ka zo mu zauna, ka gaya mini abin da ka gani da idonka, ni kuma zan haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka zaɓa. Allah ya yi maka zaɓin alheri, ya tsare ka a hanya.